Baƙin Rijiyar Inna

Magariba ta canza murya a garin nan. Tun da ƙafa ta fara ba ni wahala aka ajiye mini kujera a bakin ƙofar ɗaki, ba abin da nake yi da yamma sai saurare, kuma abin da nake ji ba shi na tashi ina ji ba. Ladan bai sauke kiran salla ba janareton maƙwabta zai ɗauka, na gaba da shi ya amsa, sai ka ce su ma jam'i za su yi. Jikokina su rufe tagogi, su fesa maganin sauro har sai na yi tari, sannan kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Ran nan wani ɗan jemage ya yi ɓatan kai ya shigo falo. Zo ka ga gudu da ihu, ƙato da gemunsa ya haye kujera yana kiran a miƙo masa tsintsiya. Na ce su kashe fanka, su buɗe taga, su ƙyale shi. Suka dube ni irin duban da ake yi wa tsohuwar da ta fara rikicewa, amma suka yi. Ya fita kuwa, ko labule bai taɓa ba. Ni ya bari da aiki, don tun ranar tunanin gidanmu na Ƙofar Atiku a Sakkwato bai sake ni ba.

Gidan ƙasa ne mai zaure biyu, irin wanda in ka shigo daga rana sai ka ji jikinka ya yi ajiyar zuciya. Mahaifina fataucin hatsi ya gada, saboda haka ƙanshin gero da hayaƙin kara su ne ƙanshin yarintata. Luguden maƙwabta ke tayar da mu da safe, sai kukan jakunan da suka kwana a ƙofar gida da kaya, sai muryar 'yan Fulani masu nono. A can ƙuryar gida, bayan ɗakunan ajiyar hatsi, akwai wata kurna da tsohuwar rijiya a gindinta. Tun kafin a haife ni ruwanta ya ja baya, sai danshi da sanyi kawai ke tasowa daga ciki. An jera mata azara a baki don kada akuya ta faɗa, an bar 'yar kafa ta gefe guda wadda ba ta wuce a zura hannu ba. Wannan ƙurya kuwa ƙasar Inna ce, mahaifiyar babanmu. Yanar ido ta rufe mata gani tun ina tatata, amma ba ta rufe mata baki ba. Nan take wuni a kan tabarma da mazarinta tana kaɗi da lalube, goro a kumatu, ba wanda zai gitta ta gabanta ba ta gane shi da takunsa ta jefe shi da magana ba. Ni takan ce da ni, "Ga mai tahiya awa an aiki agwagwa," in ce da ita ai agwagwar ce ke kawo mata fura.

A cikin rijiyar nan jemagu suke, Inna kuma ba ta taɓa kiransu da wani suna ba sai baƙinta. Ba manyan nan ba ne masu cika bishiyar dogon yaro da hayaniya suna ɓarnar mangwaro. Waɗannan ƙanana ne, jikin ɗaya bai fi babban yatsa ba, gashinsu toka-toka mai laushi. Inna ce ta koya mini kallonsu. In rana ta take tsaka sai ta ce in ɗauko madubin aurenta, in ɗaga azara guda a hankali, in tari hasken rana in karya shi zuwa cikin rijiya. "Ke Kulu, kada ki daɗe, ba su son haske. Hwaɗa man abin da kig gani." Sai in gaya mata. Can ƙasa kaɗan, inda marmara ta zaizaye ta yi kogo a jikin bango, ga su nan a rataye kai ƙasa, kowanne ya naɗe kansa da fukafukansa tsaf kamar mace da mayafi, ba wanda ke taɓa ɗan'uwansa. Da haske ya taɓa su sai kunnuwan su fara motsi, wannan ya yi gaba wancan ya yi baya, ba su tsayawa. Fuskar ce abin dariya. A kan hancin akwai wata fata a shimfiɗe, zagayayya mai tsaga a ƙasa, sak sawun kofaton doki a laka. Ranar da na fara gani na ce Allah ya yi munana a nan. Inna ta kai mini dundu ta ce, "Ke da hancin ga naki mi kika iya yi da shi ban da shaƙar tuwon mutane? Su da nasu su ka ganin hanya."

Ban gane ba a lokacin, sai da ta zaunar da ni. Ta ce ba wai makafi ba ne, suna da 'yan idanunsu, amma ba da su suke tafiya ba. Wani kira suke fitarwa ta hanci wanda kunnen mutum ba ya kamawa, ya je ya bugi abin da ke gabansu ya dawo, su saurara, su san bango ne ko reshe ko ƙwaro. Ta ce abin da ya sa ta yarda da haka, ita ma tun da ido ya tafi, in ta shiga zaure ta yi gyaran murya tana jin inda bango yake. "Ni da su tahiyarmu guda ta," in ji ta, "kunne ka ja muna gora." Da an yi kiran magariba kuwa sai ta ajiye mazari ta ce kowa ya yi shiru. Za ka fara jin wani ɗan shuu daga ƙarƙashin ƙasa, sannan su riƙa fitowa ta kafar nan ɗaya bayan ɗaya, ba turereniya. Ba su yin sama can kamar manyan. Ƙasa-ƙasa suke bi, jikin katanga, ƙarƙashin rumfa, tsakanin igiyoyin shanya, da wani tashi mai kama da na malam-buɗe-littafi. Wasu su bi ta bayan ganuwa su yi wajen fadama, wasu kuma a gida suke kiwo. Akwai wadda ke da reshenta a kurna. Sai ta rataya da ƙafa tana juya jiki hagu da dama tana saurare, da faɗa-wuta ya gitta ta sake reshe ta cafko shi ta dawo mazauninta, ta cinye jikin ta zubar da fukafukan. Sharar gindin kurna aikina ce kowace safiya, kuma kullum sai na tara fukafukan ƙwari cike da tafin hannu. Inna kan ce in ba don baƙinta ba da asu ya gama da geron gidan nan tuni.

Ita ma gadon su ta yi. Ta ce ranar da aka kawo ta gidan tana amarya, uwar mijinta ta kama hannunta ta kai ta bakin wata tsohuwar rijiya da ke wancan gefen gidan, ta ce waɗannan sun riga mu zama a nan, ba a kore su, ba a yi musu hayaƙi. Da waccan ta rufta sai suka dawo wannan. Dokar kuwa guda ce mai ƙarfi. Bayan kaka, in sanyi ya shigo sun yi lakwas, akan zura mutum da igiya ya kwaso kashinsu, masu albasa na fadama har roƙonsa suke zuwa yi. Amma daga shigowar bazara har ruwa ya zauna, ko azara ba a ɗagawa sai don leƙen nan na madubi, shi ma jefi-jefi. Lokacin haihuwarsu ke nan. Mazan sukan watse su bar wa matan kogon, kowace ta haifi ɗa guda tak, shi ke nan sai baɗi. Inna ta taɓa riƙe wadda ta faɗo, ta ce ban da nonon da ke ƙirji akwai wasu 'yan biyu a ƙasan ciki da ba su da ruwa, Allah ya yi su ne don jinjiri ya kama da baki ya riƙe. Kwanakin farko uwar da shi take fita kiwo, manne a cikinta. Da ya yi nauyi sai ta rataye shi a kogo cikin sauran 'ya'ya, ta riƙa dawowa tana ba shi nono, kuma a cikin duhun nan da tarin nan ba ta taɓa ɗaukar na wata, da murya take gane nata. Ba sa tashi da kansu sai shinge ya fito bayan ruwan farko, lokacin da abinci ya wadata.

Duk wannan ni na sani, matan gida ma sun ji wani abu a ciki. Wanda bai sani ba shi ne mai gidan. Baba ɗan farin Inna ne, ita kuwa mutuniyar da ce, ba ta faɗar sunansa, ba ta zama hira da shi. In ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa daga nesa, ta kau da kai ta amsa a taƙaice kamar mai ciwon haƙori. In tana da magana da shi sai ta ce, "Kulu, hwaɗa ma mai gidan ga kaza," ko da yana tsaye a wurin. Yau na ga uwaye na ɗaukar hoto rungume da 'ya'yansu na fari, har da kiran suna gatsal, ban ce laifi ba ne. Amma mu haka muka tashi muka gani, ana son ɗa har cikin ɓargo, ana nuna kamar ba a san da shi ba. Abin da Baba ya sani game da rijiya bai wuce cewa tsohuwa na son jemagunta ba, shi kuma ba ya son ɓacin ranta.

Ana nan sai kuɗin mai suka shigo gari kamar an fasa madatsa. Ina budurwa lokacin, na isa in ga yadda abubuwa ke juyawa. Mutanen da muka sani da jaki suka koma babur, masu babur suka koma mota. Ko'ina ka duba tulin yashi ne da buhunan siminti, ana rushe soro ana ɗora kwano. Baba ma ya rage hatsi ya shiga kawo siminti daga Kudu, ya ja mana famfo har tsakar gida, ya sa aka kawo lantarki. Ba zan yi ƙarya ba, mun ji daɗi. Wanda ya taɓa ɗauko ruwa a ka daga gulbi da zafin Sakkwato ba zai zagi famfo ba. Sai dai zamanin na soja ne. In ka kunna rediyo da safe ka ji badujala maimakon gaisuwa, to ka san an kwana da wani an tashi da wani. Magana kuma in ta fito daga sama ba a tambayar dalili, sai dai a ce an ce, kowa ya nemi hularsa.

Cikin wannan wadata Baba ya ji labarin likitocin da ke cire yanar ido a wani asibiti can gabas, tafiyar yini guda a mota. Ya ƙudurta sai ya kai Inna. Ta yi ta ƙi, ta ce ita ta saba, me ya rage a duniya da ba ta gani ba. Na ce da ita ni ce ba ta gani ba. Sai ta ce, "To, bari in tahi in ga ko munin da a ka hwaɗi gaskiya na." Tsakiyar bazara aka sa ranar tafiya, ita da ƙanwar Baba da za ta yi jinyarta. Da safen, mota na jira a waje, ta sa na kai ta gindin kurna. Ta durƙusa ta kara kunne a kafar rijiya, ta daɗe, sannan ta laluba ta kama wuyan hannuna. "Sun haihu, sun hwara aje ɗiya. Ga amana nan na bar miki. Kowa az zo, ko wane na, ki ce Inna ta ce a jira ruwa." Na ce to, har ina dariya, don ban ga wanda zai zo neman tsohuwar rijiya ba.

Baba ya kai su ya dawo ya bar su can, don an ce sai an yi ido ɗaya ya warke kafin a taɓa ɗayan. Bai daɗe da dawowa ba wani yaro ya faɗa matacciyar rijiya a wata unguwa, kafin a ciro shi rai ya yi halinsa. Kwana kaɗan sai ga mai shela yana bi lungu-lungu: hukuma ta ce duk rijiyar da ba a sha a rufe ta da siminti kafin Juma'a, duba-gari za su bi gida-gida da soja, wanda aka samu tasa a buɗe ya kuka da kansa. Ina tankaɗe na ji shelar. Da daddare da Baba ya gama cin tuwo na je na durƙusa, abin da ban saba ba, na ce Inna ta ce a jira ruwa. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "Kulu, ɗan mutum ya mutu. Kuma wanga ba zancen sarki ba na da za a tahi a ba shi haƙuri. Soja ba su san jira ruwa ba." Na ce to baƙin Inna fa? Ya ce ya riga ni tunani. Ya je ya tambayi liman, liman ya ce kada a binne rai da gangan, a bari sai sun fita kiwo da magariba sannan a rufe, in sun dawo sun tarar ba hanya za su nemi wani wuri, ƙasar Allah da faɗi. Yana faɗa fuskarsa a sake, irin ta mutumin da ya samo mafita mai kyau.

Na ce, "Baba, ɗiyan na ciki. Ba su tashi ba tukuna."

Ya yi murmushi. "Haba Kulu. Akwai wanda bai taɓa ganin jemage ɗauke da ɗanta ga ciki ba? Da su su ka hita. Kowa ya san haka."

"Wannan suna jinjirai na, Baba. Yanzu sun yi nauyi, aje su su ka yi."

Ya dube ni ya ce in haka ne gobe zai duba da idonsa. Ya kuwa cika alkawari, da tsakar rana na riƙe masa madubi ya leƙa. To amma da rana uwayen na nan, kowace ta lulluɓe ɗanta cikin fukafukai, abin da ya gani ke nan, 'ya'ya manne da uwayensu. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Kin gani?" Ni kuwa ba ni da bakin da zan ce wa mahaifina idonsa ya yi masa ƙarya.

Ranar Alhamis da la'asar birkila ya zo da leburorinsa. Suka kwashe azara a hankali kamar yadda Baba ya umarta, suka jera katako da kwano da rodi, suka bar kafa ta gefe. Suka kwaɓa siminti suka zauna jiran magariba, suna ta yi wa Baba ba'a wai yau sun ga Alhajin da ke jiran jemage ya ba shi izini. Aka kira salla, suka fito yadda suka saba, ɗaya bayan ɗaya. Na tsura wa cikin kowace ido ko zan ga ɗa, ban ga ko ɗaya ba. Da fitar ta tsaya Baba ya ƙara jira har duhu ya fara, ya haska tocila ciki. Kogon na ƙarƙashin marmara, ta 'yar kafar nan hasken tocila ba ya lanƙwasa ya shiga, sai baƙin rami kawai. Na kwanta rub da ciki na kara kunne. Ga shi nan, wani siririn tsit-tsit mai yawa, kamar ana murza sabuwar tsintsiya can nesa. Na ce ga su nan, ina jin su, wallahi ina jin su. Baba ya durƙusa da babbar rigarsa ya saurara, ya daɗe, na ga yana so ya ji. Ya ce bai ji komai ba. Birkila ma ya kara kunne ya ce, "Alhaji, ni dai gyare kaɗai ni ka ji. In ba mu zuba yanzu ba kwaɓin ga daskarewa za ya yi." Sai daga baya na gane cewa irin wannan siririn sauti kunnen yaro ke kama shi, na babba ya riga ya wuce wurin. Ba ƙarya suka yi ba, ni ma ba ƙarya na yi ba. Baba ya ce bismilla, aka ja kwano aka rufe kafar, aka zuba.

Ba a idar da sallar lisha ba uwayen suka fara dawowa don ba da nono. Ina zaune a gindin kurna, sabon ƙwan lantarkin da Baba ya sa a tsakar gida ya haske wurin tas, da ma bai haska ba. Ta farko ta zo da saurinta daidai inda kafar take, ta yi turus a iska, ta zaga ta sake dawowa. Kafin wani lokaci sun cika wurin, suna kewaya bakin rijiya ƙasa-ƙasa, ba mai ƙara, sai kaɗawar fukafukai. Irin waɗannan jemagu ba sa sauka ƙasa, ƙafafunsu na rataya ne, ba sa iya tafiya da su. Amma a daren nan na ga suna faɗawa kan ɗanyen siminti da ƙirji, suna jan jiki da fukafukai, suna kara fuska daidai gefen da kafar take, su yunƙura da ƙyar su tashi, su sake faɗowa. Na rarumi muciya na caka a wurin, ta nutse kaɗan ta ci karo da kwano. Na sa hannu ina yaƙushi har rodi ya yanke ni. Mahaifiyata ce ta zo ta ɓamɓare ni daga wurin, ita ma tana hawaye, tana cewa in rufa mata asiri kada maƙwabta su ce aljanu sun kama ni.

Da asuba Baba ya dawo daga masallaci ya zarce ƙuryar gida, ina jin don ya ga ko aikin ya yi kyau. Na same shi tsaye kamar an dasa shi. Siminti ya kama, kuma gefe guda duk ya cika da zane, sawun fukafukai da 'yan farata birjik, sun taru a wuri ɗaya. Guda biyu ba su samu tashi ba, sun bushe a ciki. Ya tsuguna ya ɓamɓaro ɗaya ya juya ta a tafin hannunsa, ya ga nonon a kumbure. Ya tafi ɗakin ajiya ya fito da guduma. Wallahi na ga ya ɗaga ta. Sai ga sallama daga zaure, mai unguwa ne da duba-gari da wani soja mai bulala a hannu, sun fara zagayen tun da sassafe. Suka shigo har ƙurya, duba-gari ya taka murfin da takalminsa ya ce aiki ya yi. Baba ya ce yana roƙon alfarma a bar shi ya huda 'yar kafa, ko ta zura hannu ce. Duba-gari ya ce umarnin da aka ba shi babu kafa a ciki, ta nan sauro ke shiga ya yi ƙwai. Sojan kuwa gudumar kawai yake kallo. Suka shafa jan fenti a bangon zaure alamar an duba, suka ce za su sake zagayowa. Mai unguwa ya dakata a baya ya rage murya ya ce, "Alhaji, ka ruhwa muna asiri. In ka hwasa wagga, unguwa duka za a taɓa. Don jemage?" Baba ya jingine gudumar a jikin kurna, ya fita kasuwa ko karyawa bai yi ba.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi, amma shi ne ya fi zama mini a rai. Kullum in na kara kunne a kan simintin ina jin su, yau da ƙarfi, gobe ƙasa da haka. Ni kaɗai ke ji a duk gidan, har na daina faɗa, don in na faɗa Baba ba ya iya cin abinci. Uwayen kuma kowace magariba sai sun zo, ban san inda suke wuni ba. Suna raguwa, suna raguwa, har ya zama saura guda ɗaya da ke zuwa ta zaga ta tafi. Ranar da na kara kunne na ji shiru, na zauna a wurin har rana ta ƙone mini ƙeya. Ba a yi mako ba hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan farko mai yawa. Washegari da magariba shinge ya fito ya rufe ƙwan lantarki, ya cika tsakar gida har cikin kwanon miya, yara na ta murna suna kamawa. Ban taɓa ganin abincin jemagu ya yi yawa haka an rasa mai ci ba.

Yanzu in na ba jikokina labarin nan sai su ce, to me ya hana a buga wa Inna waya? Me ya hana a ɗauki hoton 'ya'yan a nuna wa Baba? Sai in yi dariya kawai. Wani kuma ya ce ai jemagu ne, Hajiya, ba mutane ba. Haka ne. Ni ma na binne mutane tun daga lokacin, na binne iyaye da miji da 'ya'ya biyu, na san bambancin. Amma a can na fara sanin cewa mutum na iya riƙe gaskiya a hannunsa, ya faɗe ta da ƙarfi a gaban masu ƙaunarsa, kuma ta kasa tsayar da ko cokali ɗaya na siminti. Ba mugu ko ɗaya a cikin waɗanda suka taru a kan rijiyar nan, abin da ya fi ci mini rai ke nan, don da akwai mugu da na sami wanda zan tsana in huta.

Damina ta zauna sosai sannan Inna ta dawo. Aka fito da ita daga mota da wani tabarau mai kauri da ya mai da idanunta manya-manya, tana taka ƙasa a hankali kamar ba ta yarda da ita ba. Gida ya cika da 'yan barka. Ta bi fuskoki ɗaya-ɗaya tana haɗa su da muryoyi, har ta zo kaina. Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe ƙarya a ka yi miki. Hancin dai na nan." Kowa ya yi dariya, ni na kasa. Ta lura. Ta saki haɓata ta ce in kai ta wurin baƙinta, yau ba ta bukatar aron ido.

Ba wanda ya gaya mata a can, kowa ya bar wa wani. Na riƙe hannunta muka bi ta bayan ɗakunan ajiya, Baba na biye da mu daga nesa kamar yadda ya saba. Da muka iso gindin kurna ta tsaya. Ta dubi murfin, ta dube ni. Na saki hannunta. Ta durƙusa da kanta, ta gyara tabarau, ta kai fuskarta dab da simintin. Ta bi zanen nan da ido, sannan ta bi shi da yatsa, tun daga inda ya faro har inda ya taru. Ba ta tambaye ni ko mene ne ba. Ta daɗe a haka, har na ji tsoron ko ba za ta iya tashi ba. Sannan ta cire tabarau ɗin ta naɗe shi a gefen zanenta, ta ce da ni a hankali, ba tare da ta waiwaya ba:

"Kulu, hwaɗa ma mai gidan ga na gode da magani. Ki ce mishi in wanga na ya kai ni in gani, da ya bar man makantata."

Wannan saƙon ban isar da shi ba. Yana tsaye a bayanmu, ya ji.